Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Noma, Sanata Abubakar Kyari

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne a kan marigayi Cif Audu Ogbeh, wanda ya riƙe kujerar da kake kai daga 2015 zuwa 2019, ya kuma rasu ranar 9 ga Agusta, 2025, yana da shekara 78.

Ogbeh ɗan Otukpa ne a Jihar Binuwai. Ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya zama Mataimakin Kakakin Majalisar Dokokin jiharsa a 1979, sannan ya yi minista a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Da sojoji suka kifar da gwamnatin a ƙarshen 1983, sai ya koma gona, ya duƙufa ga noman kashu da casar shinkafa da kiwon kaji. Don haka lokacin da Shugaba Buhari ya damƙa masa ma'aikatar noma, ya zo yana sane da cewa takin da ya iso bayan gero ya fitar da kai ba shi da sauran amfani a wannan damina.

Ba duk abin da ya taɓa ne ya yi kyau ba. Doyar da aka yi bikin fitar da ita zuwa Ingila da Amurka a 2017 ta jawo masa suka, shawarar da ya kawo ta keɓe wa makiyaya matsugunai kuma ta gamu da turjiyar jihohi da dama. Amma a zamaninsa ne aka ƙulla yarjejeniyar samar da taki da ƙasar Maroko a Disamba 2016, aka farfaɗo da masana'antun haɗa taki da suka daɗe a rufe, buhun takin zamani na NPK ya sauko zuwa naira 5,500. Duk manomin da ya ci wannan gajiyar, daga fadamun Kebbi zuwa na Haɗeja, bai manta ba.

Ranka ya daɗe, yau lamarin ya juye. Bayan da gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150 a 2024, farashin hatsi ya karye a Dawanau da sauran kasuwanni, taki kuwa bai sauko ba. Ba na jayayya da cewa mai saye a birni ya samu sauƙi, to amma manomin da zai sayar da buhunan masara kafin ya iya sayen takin gona ɗaya, baɗi zai rage nomansa ne, yunwar da aka kora kuma ta dawo.

Roƙona shi ne ka sa taki ya isa ƙananan hukumomi kafin ruwan farko, a farashin da aka sanar a rediyo kowa ya ji, ta hannun ƙungiyoyin manoma na gaskiya. Ka kuma sa gwamnati ta sayi hatsi lokacin kaka ta zuba a rumbunanta, domin kada farashi ya faɗi ƙasa da abin da manomi ya kashe.

Naka mai biyayya,
Wani manomi daga Jihar Kano