Zuwa ga Yaya, daga Jidda

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kuna lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Mama? Ni lafiyata ƙalau, sai zafin Jidda, wanda ko da dare iskar teku ɗumi take kawowa, riga ta manne wa mutum a baya. An saba.

Ranar Talata na turo riyal 1,500 ta asusunki. Riyal 700 kuɗin makarantar Auta ne. Ki je ki biya da kanki, ki turo mini hoton rasit, kada ki danƙa masa a hannu, kin san halinsa. 400 na maganin Mama da cefane, 150 baikon godiya ne, a sa ranar Lahadi. Ragowar ki ajiye saboda kwanon ɗakin baya kafin damina ta sauka.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci har na zauna rubutu. Na ji cewa kuɗin maganin da na aiko wancan watan, rabinsa wurin wani mai addu'a ya tafi. Wai Gwaggo ce ta ja Mama can, shi kuma ya ce aljani ne ya aure ni, sai an sayi rago da man shafawa kafin a kwance ni. Haba Yaya! Kina gari aka yi haka? Mace mai hawan jini ta yi sati biyu ba ƙwaya saboda a nemo mini miji? Awa 12 nake yi a tsaye kafin in sami kuɗin nan. Ban yi fushi da Mama ba, na san tausayina ne ya kai ta, kuma na san abin da take ji a zumuntar mata duk ranar da aka raba katin bikin 'yar wani. Amma ki gaya wa Gwaggo da bakina: ba wanda ya ɗaure ni. Shekarata 34, ba ni da miji, kuma ban yi kwantai ba, don ni ba tumatir ba ce a kasuwa.

Sai maganar hoton nan da na sa a Facebook. Abaya ce kawai, ita ce suturar fita a nan, har 'yan Filifin da muke aiki tare suna sawa. Masu cewa na musulunta na auri wani Alhaji a ɓoye, Allah ya ba su aikin yi. Ko Makka ba ni da ikon shiga, a kan hanya akwai allon da ke nuna wa wanda ba Musulmi ba inda zai kauce. Saboda haka ki ba maƙwabciyarmu haƙuri, ban je ɗakin Ka'aba ba balle in ba ta labari, amma dabinonta na nan tafe.

Ki tabbatar wa Mama ban bar sujada ba. Babu ginin majami'a ko ɗaya a ƙasar nan, Lahadi kuma ranar aiki ce, hutu Juma'a da Asabar ne. To ranar Juma'a muke taruwa a ɗakin wata, mu takwas ko tara, da 'yan Indiya da 'yan Filifin, a sauke labule, a yi waƙa ƙasa-ƙasa, ba tafi ba ganga. Ni ce mai dafa shinkafa da wanke kwanuka, don sauran suna sauri su kira mazajensu da 'ya'yansu a waya. Haka a asibiti, duk wadda ɗanta ba lafiya a gida ni take roƙo in karɓar mata aikin dare. Ina karɓa, kuma da zuciya ɗaya. Kwanan baya muka karanta 1 Korintiyawa sura 7, inda Bulus ke maganar marasa aure da hidimar Ubangiji, suka juyo duka suna kallona suna dariya. Ni ma na yi.

Akwai wata tsohuwa a ɗakinmu na asibiti, Bahaushiya ce, irin waɗanda suka zo aikin Hajji tun da daɗewa suka zauna. Shanyewar ɓarin jiki ta same ta, Larabcin ya gudu, Hausa kawai ta rage a bakinta, jikokinta kuma ba sa ji sosai. Ranar da na ce mata “Sannu Iya, ina ne ke ciwo?” sai ta kama hannuna ta ƙi saki. Yanzu ba ta yarda kowa ya ba ta abinci sai ni, cokali-cokali, ina goge mata gefen baki. Ta san ni Kirista ce. Rannan wajen ƙarfe uku na dare ta ce, “'Yata, ina mijinki?” Na ce babu. Ta yi shiru, can ta ce, “To da kina da shi, wa zai zauna da ni?” Sannan ta sa mini albarka har barci ya ɗauke ta.

Wannan ɓangaren kada ki karanta wa Mama. Ba wai ba na so ba ne, Yaya. Ranar da kika turo hoton sunan jaririn ƙanwar mijinki, banɗaki na shiga na yi kukana na wanke fuska na koma bakin aiki. Ina roƙon Allah kullum, bai ce e ba, bai ce a'a ba. In ya kawo, zan karɓa da hannu biyu. Abin da ba zan yi ba shi ne in sayi amsa da kuɗin maganin uwata. Kuma ina jin nauyin cewa ke kaɗai na bar wa jinyarta, ki yafe mini.

Maganin nan ki saya na wata guda gaba ɗaya, ki ajiye a ɗakinki, ki riƙa ba ta da kanki. Kuɗi kada ya shiga hannun Gwaggo ko na sisi. Rasit ɗin Auta kada ki manta.

In kin sami mai zuwa Umara, ki aiko mini da daddawa da kuka da yaji, nawa sun ƙare tun Ista. Ranar Lahadi kuma ki ɗaukar mini waƙar zumuntar mata a waya, ki matsa kusa da masu buga tulu.

Ƙanwarki.