Ga Masu Neman Shishar Aljihu Mai Wuta da Yawa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga abokan cinikinmu na Birnin Kebbi, da masu zuwa mana daga Jega, Kalgo da Argungu. Sana'armu kun san ta: caja, batura da gyaran waya. A 'yan watannin nan wata tambaya ta yawaita a bakin kanta, galibi daga samari: "Malam, akwai shishar aljihu mai wuta da yawa? Tawa ba ta ta da hayaƙi." Wasu kuma batir suke nema su ƙara wa tasu ƙarfi. Mu ba ma sayar da shishar lantarki, kuma ba mu da niyyar farawa. Amma ana kawo mana su gyara, muna buɗe cikinsu, don haka muna ganin haƙƙi ne a kanmu mu faɗa muku abin da ƙarin wutar nan yake yi.

A cikin na'urar akwai siririyar waya a naɗe, wato kwayil, da auduga jiƙe da ruwan shishar. Batir ya ba kwayil wuta, ya yi zafi, ruwan ya zama tururi. Batir ɗin bolt 3.7 ne, idan ya cika caji ya kai 4.2. Masu maɓallin ƙara wuta suna hawa daga wajen 3.3 zuwa 4.8, manya ma suna wuce haka. Tazarar sai ta yi kamar ba komai, amma zafi ba ya bin bolt ƙafa da ƙafa. A kwayil mai om 1.5 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tauye wuta), bolt 3.7 na ba da wat 9 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin da ke zama zafi), bolt 4.8 kuwa wat 15 da ɗoriya. Ka ƙara wuta ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, zafi ya ƙaru da kusan kashi 70 cikin 100.

Ruwan nan haɗi ne na gilisarin da furofilin gilaikol, da nikotin, da kayan ƙamshi. Idan zafi ya yi yawa sai ya fara ƙonewa, ya fitar da fomaldehayid, sinadarin da ake haɗa maganin adana gawa da shi, wanda kuma yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya gano cewa ƙara wuta daga bolt 3.2 zuwa 4.8 ya ninka irin waɗannan sinadarai daga sau 4 har sama da sau 200. A 2015 masu bincike na Jami'ar Portland State a Amurka ba su samu dangin fomaldehayid a bolt 3.3 ba, a bolt 5.0 kuwa sun samu da yawa. Wasu masana sun ce kafin a kai can ƙaurin ƙuna zai hana mutum zuƙa. To, mu dai muna ciro auduga daga na'urorin da kuke kawowa ta yi baƙi ƙirin, ta ƙandare, kuma mai ita bai daina zuƙa ba.

Ga kuma nikotin. Ruwan da aka rubuta wa 5% yana ɗauke da miligram 50 a kowace mililita, alhali a Ingila da Tarayyar Turai doka ta tsayar da shi a 20. Manyan na'urori an yi su ne don ruwa mai miligram 3 ko 6. Wanda ya zuba mai 50 a ciki ya murɗa wuta, jiri da tashin zuciya da bugun ƙirji da yake ji alamar nikotin ce ta yi masa yawa. Ya ajiye nan take, in abin bai lafa ba a kai shi asibiti.

Inda ya fi ta da mana hankali shi ne batir, don nan ne fanninmu. Manyan na'urorin nan suna cin batir mai lamba 18650. Kwayil mai om 0.2 a kan cikakken caji yana jan amfiya 21 (ma'aunin yawan wutar da ake ja daga batir), kuma yawancin baturan da ke yawo a kasuwa ba za su iya ɗaukar wannan ba. Wasu daga tsofaffin kwamfutoci aka ciro su aka sake musu riga. Duk wanda kuka ga an rubuta masa 9900mAh ƙarya ce, na gaske ko rabin haka ba ya kaiwa. Irin wannan a tocila zai yi aiki lafiya, amma a bututun ƙarfe da ke kusa da fuska, in ya yi zafi ya fashe, haƙora da idanu ne a gabansa. A 2018 hakan ya kashe wani mutum a jihar Fulorida, a 2019 ya kashe wani a Tekzas. Mafi haɗari su ne na'urorin da ba su da allon kariya a ciki, daga batir sai kwayil.

Ku haɗa wannan da zafin garinmu. A watan Afrilu muna wuce digiri 40 a inuwa, batir ɗin kuma ba a so a yi masa caji sama da digiri 45. Barin sa a gaban mota ko ƙarƙashin kujerar babur a rana neman fitina ne. Haka sa batir tsirara a aljihu tare da makulli, ƙarfen zai haɗa wuta a jikin cinyar mutum.

Don haka ga matsayarmu. Ba za mu sayar da batir don na'ura marar kariya ba, ko nawa za a biya. Yaron da bai kai shekara 18 ba, ba za mu gyara masa shisha ko mu sayar masa da batirinta ba. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa irinsa sigari, mu ma da wannan ma'aunin muke aiki. Baligin da ya koma shishar don ya rabu da sigari, muna roƙonsa ya tsaya a ƙaramar wuta, ya bi adadin wat da aka rubuta a jikin kwayil, ya yi caji da cajarta ta asali, kada ya bar ta a jone ya kwanta, kuma ya nemi shawarar likita kan yadda zai rabu da duka biyun. Wanda bai taɓa sha ba, don Allah kada ya fara. Iyaye kuma ku riƙa lura, wasu na'urorin kamar biro suke, ƙamshinsu na mangwaro ne ko minti.

Duk mai batir da ya kumbura, ko rigarsa ta yage, ko yake zafi a hannu, ya naɗe bakinsa biyu da salatif ya kawo mana, za mu karɓa kyauta. Kada a jefa shi a bola, ana sa mata wuta yara na kusa.

Allah Ya tsare mu da ku, Ya sa albarka a nemanku.

Naku,
Masu shagon kayan waya da batura, Birnin Kebbi