Marsandina ba gwangwani ba ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana kan Marsandi, domin samarin unguwarmu a Agege sun laƙaba wa tawa suna "gwangwani", abin yana ci mini rai.

Kamfanin nan ba jiya ya fara ba. A 1886 Karl Benz ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku a Jamus. Bayan shekara biyu matarsa Bertha ta ɗauki 'ya'yanta biyu ta tuƙa irin wannan motar daga Mannheim zuwa Pforzheim, fiye da kilomita 100, don mutane su yarda abin yana tafiya. A 1926 kamfaninsa ya haɗe da na Daimler. Sunan Mercedes kuwa, wato Marsandi, na 'yar wani dillalin motoci ne, Emil Jellinek.

Tawa tsohuwar samfurin nan ce da ake kira V-boot, da ribar goro na saye ta. Sau tara na kai iyalina Sakkwato hutun sallah a cikinta, but ɗin cike da kaya har da buhun gari, ba ta taɓa kwana da mu a hanya ba. Rufe ƙofarta kaɗai, ka ji wannan "dim" mai nauyi, ka san ƙarfe ne na gaske.

Tana shan mai, ban musa ba, musamman a cunkoson Oshodi. Amma kayan gyaranta suna nan a kasuwar Ladipo, kuma bakanikena, wani dattijo Bayarabe, da kunne yake gano ciwonta kafin ya buɗe bonet. Ranar Asabar ma zan kai masa ita ya canza mata birki.

Naka,
Mai sayar da goro, Agege, Legas