Tunkiyar da ta ci dusata shekara uku

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da ƴan uwana masu kiwon gida.

Wata tunkiya Balami na saya a kasuwar Badagishiri, fara tas, doguwa, kunnuwa har suna lilo. Shekara uku ina zuba mata dusa da harawa da kanwa, raguna uku suka bi ta, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Uwargida ta ce baki ne, maƙwabci ya kawo saiwa a jiƙa mata. Da na gaji na yi layya da ita, sai ɗan ƙanena mai karatun kiwo a Yamai ya tsuguna wurin fiɗa ya ce, "Baba, zo ka gani." Mahaifar ƴar mitsitsiya, gidan ƙwan kuwa duk ya tsuke. Ya tambaya ko tare da namiji aka haife ta. Wallahi da wannan ma dillali ya yi mini talla!

Ashe in mace da namiji suka kwanta ciki ɗaya, wani lokaci jininsu kan haɗu ta mabiyya, sinadarin namijin ya tauye kayan haihuwar macen. A shanu, kusan tara cikin goma na irin waɗannan matan juya ne. A tumaki abin bai cika faruwa ba, amma yana ƙaruwa in ƴaƴan sun kai uku ko huɗu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gado. A Niyuzilan akwai tumakin Romni masu ɗauke da abin da ake kira Inbadel, kuma a shekarar 2000 masana suka gano canji ne a wata ƙwayar halitta ta gado mai suna BMP15. Tunkiyar da ta gaje shi ta gefe ɗaya sai ta riƙa zuba tagwaye. Wadda ta gaje shi daga uwa da uba, gidan ƙwanta ba ya girma, sai ɗan zare, ba ta haihuwa har ta mutu. Rago mai ɗauke da shi kuwa duk ƴaƴansa mata sai sun ɗauka. In ya hau ƴarsa, rabin matan da za a samu juya ne. An ga irin haka a tumakin Belkila na Ailan.

To mu nan Tawa, rago ɗaya ke bin uwa, ya bi ƴa, ya bi jika, don ƙyashin kuɗin sabon rago, ga shi kowa "irin tagwaye" yake nema ido rufe. Ina roƙon likitocin dabbobi su shiga rediyo su yi mana wannan bayani da Hausa, masu bincike kuma su duba jinin tumakin Balami da Uda da Ara-ara. Ni dai tun bayan sallar nan na yi musayar rago da wani abokina na Keita.

Naku,
Wani mai kiwo, Tawa