Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan ɗaga ƙarfe: ciwon da ake daurewa da wanda ake saurarawa

Assalamu alaikum.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, na ji ka shiga ɗaga ƙarfe gadan-gadan, har kana cewa so kake ka koya wa jikinka jure wahala. Na yi murna ƙwarai, domin ƙarfin da mutum ya tara da ƙuruciya yana amfanar ƙashinsa da tsokarsa har tsufa. Sai dai ina so ka riƙe abu guda tun yanzu: ba kowane ciwo ake daurewa ba. Ciwon mai ɗaga ƙarfe iri-iri ne. Wani a daure masa, wani a lallaɓa shi, wani kuwa a ajiye ƙarfen nan take a nemi likita. Wanda bai iya rarrabe su ba, ko dai ya guje wa wahalar da za ta gina shi, ko ya nace wa wadda za ta nakasa shi.

Bari in fara da zafin da kake ji ƙarfe na hannunka. Idan kana zubi, wato jerin ɗagawa ba tare da hutu ba, mai ɗagawa goma ko goma sha biyu, daga ta bakwai zuwa sama tsokar za ta ɗau zafi, numfashi ya yi sama, zuciya ta fara raya maka cewa ka ajiye. Wannan zafin yana bazuwa ne a cikin naman tsokar gaba ɗaya, dama da hagu daidai wa daida, kuma da ka ajiye, cikin minti ɗaya ko biyu ya lafa. Shi ne wanda ake daurewa, ba ya ɓata komai. Sabon shiga yakan tsaya alhali da sauran ɗagawa huɗu ko biyar a jikinsa, don bai saba da wannan yanayin ba, ya ɗauka ƙarfinsa ne ya ƙare.

Yadda ake sabawa da shi ba wani sirri ba ne. Kafin ka taɓa sandar ƙarfen, ka yanke adadin da za ka yi, kada ka bar shawarar sai lokacin da zafin ya zo, don a lokacin zuciya ba ta adalci. Idan zafin ya taso, ka daina tunanin sauran da suka rage, ka sa hankalinka kan wadda kake ciki kaɗai. Ka saki fuska da wuya, ka riƙe tsarin numfashinka. Sannan ka san cewa alamar tsayawa ba zafi ba ce. Alamar tana wajen sandar da siffar jikinka: idan sandar ta koma tafiya da ƙyar, ko gadon bayanka ya fara lanƙwasa, ko gwiwoyi suka fara karkata ciki suna neman haɗuwa, zubin ya ƙare ko da kana jin sauran kuzari. A manyan ɗagawa irin su tsuguno da sanda a kafaɗa, da ɗago sanda daga ƙasa, ka riƙa tsayawa da sauran ɗaya zuwa uku a jikinka. In kana so ka ɗanɗani ainihin iyakarka, ka gwada a ƙaramin motsi marar haɗari, kamar naɗe damtse da ƙaramin ƙarfe, ka yi ta yi har hannun ya ƙi tashi. Daga nan za ka gane nisan da ke tsakanin "na gaji" da "na kasa".

Na biyu shi ne tsamin jiki. Ba ya zuwa a ranar. Yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya tsananta tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, ya wuce kafin mako ya zagayo. Za ka ji ana cewa wai sinadarin laktik ne ya taru a tsoka. Ba haka ba ne, wannan sinadarin yana komawa daidai cikin kamar awa guda bayan an gama. Abin da ke kawo tsami shi ne aikin da tsoka ba ta saba ba, musamman wajen sauke nauyi, lokacin da take miƙewa alhali tana riƙe da kaya. Shi ya sa sauka daga bene ya fi hawa wuya kashegarin ranar tsuguno. Jiki kuwa yana da saurin koyo a nan: in ka maimaita wannan motsin bayan 'yan kwanaki, tsamin ba zai kai na farko ba. Maganinsa motsi ne marar nauyi, tafiya a ƙasa, ko ka yi motsin da ya kawo shi da rabin nauyin, sai barci. Kwanciya wuni guda ƙara sandarar da jiki take yi.

Kada kuma ka mai da tsami ma'aunin aiki. Samari da yawa in ba su tashi da tsami ba sai su ga kamar ba su yi komai ba, su yi ta canza motsi kullum don neman sa. Wanda ya daɗe a kan tsari ɗaya yana iya ƙara ƙarfi wata da watanni ba tare da wani tsamin kirki ba. Idan kuwa tsamin ya hana ka miƙe hannu ko zama a kujera har kwana huɗu, ka wuce gona da iri, ka rage yawan zubi da rabi a karo na gaba.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, don shi ne ke shammatar masu himma. Ciwon gaɓa ne da na jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Ana gane shi da cewa za ka iya nuna wurin da yatsa ɗaya: ƙasan ƙoƙon gwiwa, gefen gwiwar hannu, gaban kafaɗa. Suka yake yi ko zogi, galibi a ɓangare ɗaya, kuma maimakon ya lafa idan jiki ya ɗumama, ƙaruwa yake daga zubi zuwa zubi, ko ya lafa a lokacin ya dawo da ƙarfi da safe. Dalilinsa kuwa shi ne, a makonnin farko ƙarfinka zai yi ta hawa da sauri, ba don tsokar ta girma ba, sai don ƙwaƙwalwa ta koyi sarrafa ta da kyau. Su kuwa waɗannan jijiyoyin jini kaɗan ke ratsa su, ƙwarinsu yana zuwa ne a hankali cikin watanni. Sai ka ga hannu na iya ɗaukar abin da jijiyar ba ta shirya masa ba.

Ka auna irin wannan ciwon daga sifili zuwa goma. In bai wuce uku ba, bai canza yadda kake motsi ba, kuma da safe ya koma yadda yake, ka ci gaba, amma kada ka ƙara nauyi. In ya wuce haka, ka rage kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nauyin, ka taƙaita zurfin motsin zuwa inda ba ya suka, ko ka canza faɗin riƙon sanda. Daina aiki gaba ɗaya ba kasafai yake warkar da jijiya ba, nauyi madaidaici da ake ɗagawa a hankali ya fi yi mata amfani. Idan mako biyu suka wuce babu sauƙi, ka ga likitan ƙashi ko na fisiyo, wato mai gyaran jiki ta hanyar motsi.

Akwai kuma alamomin da babu zancen dauriya a cikinsu ko kaɗan. Ciwon ƙirji ko jin an danne shi, jiri mai neman kayar da kai, ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya kana tsakiyar ɗagawa, ƙarar tsinkewa a ƙirji ko damtse da kumburi da taruwar jini suka biyo baya, kullutu da ya ɓullo a matsematsi ko cibiya, ciwon baya mai sauka ƙafa tare da mutuwar jiki ko rashin ƙarfi. In ciwon bayan ya zo da kasa riƙe fitsari ko kasa yin sa, asibiti a wannan sa'ar. Sannan ka riƙa duba fitsarinka bayan aiki mai tsanani. Idan ya yi duhu kamar baƙin shayi, tsoka ta kumbura sosai, ciwon ya fi ƙarfin tsamin da ka sani, to naman tsokar ne ya farfashe, abin da ke cikinsa ya kwarara jini, kuma yana iya lalata ƙoda. Ya fi samun wanda ya yi ɗaruruwan ɗagawa a zama ɗaya ba tare da sabo ba, ko wanda ya dawo daga dogon hutu ya ce sai ya yi abin da yake yi da, musamman cikin zafi da ƙarancin ruwa. Ba a jiran gari ya waye da wannan.

Yanzu ga tsarin da zai sa mafi yawan wahalarka ta zama mai amfani. Kwana uku a mako sun isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani, don tsokar da aka yi wa aiki mai nauyi tana son kamar awa 48. Ka gina komai a kan motsi biyar: tsuguno, ɗagowa daga ƙasa, turawa a kwance kan benci, turawa sama da kai a tsaye, da jawo jiki ko jawo ƙarfe zuwa ciki. Ka ɗumama jiki minti biyar zuwa goma, sannan ka hau nauyin daki-daki. Cikakkiyar sandar maza kilo 20 ce. In kilo 60 za ka yi aiki da shi, ka yi goma da sanda zalla, biyar da 30, uku da 40, biyu da 50, kana ka shiga aikin: zubi uku, kowanne ɗagawa biyar zuwa takwas, da hutun minti uku a tsakani. Kada ka ji kunyar wannan hutun, man da tsoka ke ƙonawa a ɗagawa mai nauyi sai ya sami minti uku zuwa biyar yake dawowa sosai.

Ƙarin nauyi kaɗan-kaɗan ake yi. Idan ka cika duk zubinka da siffa mai kyau, ka ƙara kilo biyu da rabi a na hannu, biyar a na ƙafa da farko, daga baya su ma ka koma biyu da rabi. Wannan hanyar ba ta 'yan wasa kaɗai ba ce. Wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, da ita ya riƙa farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a wajejen 1945, wato ko jikin da ya raunana yana karɓar nauyi in an bi shi mataki-mataki. Sannu ba ta hana zuwa. Idan nauyi ya gagare ka sau biyu ko uku a jere, ka sauke kashi goma cikin ɗari ka sake hawowa. Duk bayan mako huɗu zuwa takwas ka yi mako mai sauƙi, ka rage zubi da rabi.

Wajen numfashi, ka ja iska zuwa ciki kafin ka sauka, ka ɗaure cikin ta gaba da gefe da baya, ka riƙe har ka wuce wurin da ya fi wuya, sannan ka fitar. Wannan ke kare ƙashin baya. Amma yana ɗaga jini na ɗan lokaci, don haka ka auna jininka tun yanzu, in yana hawa ka ga likita kafin ka shiga manyan nauyi. A kan benci kuma, babban yatsanka ya zagaye sandar kullum, kuma kada ka kwanta ƙarƙashin nauyi mai yawa sai da mai tsaya maka ko ƙarafan tsaro da aka saita daidai ƙirji. A nan ne sanda ke danne wuyan mutum in ba kowa.

Ƙarfi ba a wurin ɗagawa yake shiga jiki ba, sai an koma an huta. Ka yi barcin awa bakwai zuwa tara, domin rashin barci ma yana sa ciwo ƙarami ya zama babba a jiki. Furotin kuwa kamar giram 1.6 kan kowane kilo na nauyinka a rana, wato mai kilo 70 yana son wajen giram 110, a raba shi ci uku ko huɗu. Ruwa ka sha har fitsari ya yi haske.

Ina roƙonka da girman Allah kada ka sha maganin kashe ciwo don ka samu ka ɗaga ƙarfe. Irin su ibuprofen da diclofenac suna rufe bakin ciwon ne alhali ɓarnar tana ci gaba, kuma in sun haɗu da ƙarancin ruwa suna wahalar da ƙoda da ciki. Tramadol ya fi su sharri, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana kuma iya kawo farfaɗiya. Hukumar WADA mai yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 2024. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka ma za a yi maka tayin su, a nuna maka masu ƙirji kamar an hura. Abin da ba za a nuna maka ba shi ne hawan jini, da lalacewar hanta da zuciya, da ƙanƙancewar maraina har ta kai ga matsalar haihuwa. Suna kuma sa tsoka ta tsere wa jijiya a ƙarfi, abin da na riga na gaya maka haɗarinsa.

Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, da motsi, da nauyi, da yawan ɗagawa. A gefe ka ware wuri don ciwo: ina ne, wane iri ne, nawa ne cikin goma, yaya ya kwana. Bayan mako huɗu ka turo mini hoton shafukan mu duba tare, musamman na tsuguno da na benci.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.