Tsohuwar Suwaitar Ulu Ba Abin Zubarwa Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani aikin hannu da nake yi don sha'awa, ba don neman kuɗi ba, wato saƙa rigunan sanyi na ulu, musamman suwaita mai buɗaɗɗen gaba da maɓallai wadda ake kira kadigan, da kuma sake wa tsofaffinsu fasali. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk lokacin da aka yi maganar saƙa, hankalin mutane yakan tafi ne ga sayen sabon zare a fara riga daga tushe, alhali kuwa rabin daɗin wannan aiki, kuma a ganina mafi yawan iliminsa, yana cikin gyaran rigar da aka saƙa, aka sa, har aka gaji da ita.

Dalilin da ya sa wannan gyara yake yiwuwa yana cikin yadda saƙar take. Yadin da aka saƙa a masaƙa zare biyu ne suka gitta wa juna, na tsaye da na kwance, kuma da zarar tela ya sa masa almakashi an gama magana. Saƙar allura kuwa zare ɗaya ne ake ta lanƙwasawa, kowane ido, wato kowace lanƙwasa ta zaren, yana riƙe da wanda ya gabace shi, saboda haka idan aka sami bakin zaren aka ja, rigar za ta warware layi bayan layi har ta koma curin zare, a sake saƙa wani abu da shi. Mutane sun daɗe da sanin haka. Daga cikin saƙar allura mafi tsufa da aka tono akwai safunan auduga na ƙasar Masar waɗanda aka saƙa tun wajen ƙarni na 11, kuma ko da William Lee ya ƙera na'urar saƙa safa a Ingila a shekarar 1589, hannu bai daina aikinsa ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan gwamnatin Birtaniya ta ƙayyade sayen tufafi a watan Yunin 1941, warware tsohuwar suwaita a saƙa wa yaro sabuwa ya zama aikin gidaje da yawa a can. Su larura ce ta sa su. Mu da muke yi don nishaɗi muna cin gajiyar dabarun da suka bari.

Sai dai ba kowace suwaita ce take warwaruwa ba, kuma a nan ne masu farawa suka fi yin asarar lokaci. Kafin a taɓa komai, a juya rigar a dubi ɗinkin gefenta da na hannu. Idan an saƙa kowane ɓangare daidai da siffarsa sannan aka haɗa su, za a ga gefuna biyu lafiyayyu kwance kusa da juna, da wani siririn zare mai kama da sarƙa a tsakaninsu, wanda idan aka kama shi ta bakin da ya dace yakan zare gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. Idan kuwa daga babban yadin saƙa aka yanko ɓangarorin aka ɗaure bakinsu da keken da teloli ke kira wibin, to kowane layi an datse shi ta gefe biyu, kuma abin da za a samu guntayen zare ne da ba su fi faɗin rigar ba. Irin wannan a bar ta yadda take, ko a yi mata gyaran da ba ya buƙatar warwarewa.

Abu na biyu shi ne a tabbatar da irin zaren, domin takardar da ke wuyan tsohuwar riga sau da yawa ta koɗe ko an cire ta. A tsinko ɗan guntu a kai shi ga harshen wuta cikin kula. Ulu na gaskiya yana warin ƙonannen gashi, yana mutuwa da kansa idan aka janye shi, kuma tokarsa tana marmashewa tsakanin yatsu, amma zaren roba narkewa yake yi ya bar baƙin dunƙule mai tauri. Ba raina zaren roba nake yi ba, yana da sauƙin wanki kuma asu ba ya cin sa, sai dai wahalar warwarewa da sake saƙawa ta fi cancanta ga ulu, wanda yake iya shan laimar da ta kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da mai sanye da shi ya ji jiƙa ba.

Warwarewar kanta daga inda aka ƙare saƙar ake fara ta, galibi daga kafaɗa ko wuya a gangaro ƙasa. Zaren da ya fito yakan zo a murɗe, domin ya shekara da shekaru a lanƙwashe, kuma idan aka saƙa shi haka idanun ba za su daidaita ba. Sai a naɗe shi a bayan kujera ya zama dogon zobe, a ɗaure shi sako-sako a wurare huɗu don kada ya sarƙe, a jiƙa shi a ruwa mai ɗan ɗumi ba tare da cuɗawa ba, a matse a hankali, a rataye shi a inuwa. Da ya bushe za a ga ya miƙe ya yi laushi. Ya kamata a sani cewa zaren ba ya dawowa cif, domin na gwiwar hannu da na hammata ya riga ya sirance dole a zubar da shi. Suwaitar babban mutum takan ci abin da ya kai giram 400 zuwa 600 na zare matsakaici, saboda haka wanda ya warware guda ɗaya sai dai ya saƙa wadda ta fi ta ƙanƙanta, ko marar hannu, ko ya haɗa da wani launi ya yi mata ratsi. A ra'ayina ratsin nan yakan fi rigar asali kyau.

Akwai wani mataki da kusan kowa yake ƙyashin yi, ni kuwa ina ganin shi ne ginshiƙin aikin, wato saƙa ɗan gwaji. A saƙa ɗan murabba'i da ya ɗan wuce santimita 10 kowane gefe, a wanke shi, a bar shi ya bushe, sannan a ƙirga ido nawa ne a cikin santimita 10. Lissafin ba shi da wuya: idan aka sami ido 20, riga mai kewayen ƙirji santimita 100 tana buƙatar ido 200. Amma idan hannun mai saƙa ya ɗan saki har ido 18 suka cika wannan awo, waɗannan ido 200 za su ba da rigar da ta haura santimita 110, kuma ba za a gane ba sai an kwashe makonni ana aiki.

Gyaran da ya fi ba mutane tsoro, kuma ya fi burge ni, shi ne mayar da suwaita mai rufaffen gaba ta zama kadigan, domin sai an tsaga ta da almakashi daga ƙasa har wuya. Masu saƙa na tsibiran Shetland a Scotland da na ƙasar Norway sun daɗe suna yin haka da gangan: su saƙa riga a zagaye kamar bututu, sannan su yanka wurin hannu da gaba. Abin da ke hana saƙar zubewa shi ne, ta fi son warwarewa daga sama zuwa ƙasa fiye da ta gefe, kuma silin ulu yana da ƙananan ɓawo da ke kama juna. Duk da haka, a fara gano layin idon da ke tsakiya a yi masa alama da zare mai wani launi, a bi kowane gefensa da ɗinkin keke mai ƙananan taku sau biyu, ko a ɗaure shi da kwarashi, sannan a sa kwali a cikin rigar don kada almakashi ya kama bayanta. Bayan an yanka, sai a tsinci idanu a gefen a saƙa bakin da zai ɗauki maɓallai da ƙofofinsu, a kalmashe yankakken bakin ciki a rufe shi da ƙyalle. Ulun da aka sarrafa a masana'anta don ya jure injin wanki an shafe masa wannan ɓawo, yana da santsi, don haka shi ɗinkin keke ya zama tilas a kansa.

Ƙananan gyare-gyare ba sai na tsawaita ba. Bakin hannun da ya cinye ana iya warware shi a sake saƙawa, gwiwar hannu a yi mata maho, maɓallai kuwa canza su kaɗai yakan sa riga ta zama kamar wata. Abin da ba ya gyaruwa shi ne ulun da aka wanke da ruwan zafi aka cuɗa, domin silinsa sun cure sun kama juna har abada, rigar ta tsuke ta yi tauri. Ruwan da bai wuce digiri 30 ba ya isa, kuma a shanya ta a shimfiɗe, kada a rataye nauyin ruwa ya ja ta. Tsohuwar rigar da aka shigo da ita gida kuma a sa ta a leda a bar ta a firiza na mako guda, saboda tsutsar asu da ƙwayayenta, kafin ta haɗu da sauran zare.

Na san akwai mai cewa wannan duk ɓata lokaci ne tunda ana iya sayen sabuwa a huta. Ban musa ba cewa aikin yana cin lokaci, kuma wanda riga kawai yake so gara ya saya. Amma wanda ya warware suwaita ɗaya da hannunsa ya ga yadda aka rage ido a hammata, yadda aka karkata kafaɗa, da yadda aka ɗora wuya, kuma wannan darasi ne da ba ya samuwa daga kallon rigar a jikin mutum. Saboda haka nake roƙon ka, ya Edita, ka ware wani ɗan shafi ko da sau ɗaya a wata domin saƙa da gyaran tufafi, tare da zane mai nuna matakai, kuma a fara da yadda ake gane ɗinkin da ke warwaruwa da wanda ba ya warwaruwa.

Na gode da wannan dama da aka ba ni. Wassalam.

Daga wata mai sha'awar saƙa.