A koya wa samarinmu yadda zinare ke kwance cikin dutse

Assalamu alaikum Malam Edita. Dan Allah a ba ni ɗan fili, maganar haƙar zinare ce ke ci min rai tun da rijiyoyin Garin Liman na Ɗan Isa suka rufta cikin Nuwamba 2021, aƙalla mutum 18 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Har yau samarinmu da sun ga farin dutse ya ratsa ƙasa sai su ce ga jijiya, su duƙufa kanta ba wanda ya taɓa gaya musu me ya kawo ta wurin.

To jijiyar nan tsohuwar tsaga ce da ruwan zafi ya bi can ƙarƙashin ƙasa, da ya huce ya bar farin dutse, wani sa'in da zinare ciki, sau da yawa kuma ba komi sai pirit, wani dutse mai walƙiya kamar zinare da ke ruɗin mutane. Akwai wani irin dutsen zinare da masana ke ce ma porfiri, narkakken dutse ne ke tasowa ya tsaya can ƙasa saura kilomita kaɗan ya fito sarari, ruwan da ke cikinsa ya farfasa shi da dutsen kewaye, sai ka samu ƙananan jijiyoyi dubbai sun sarƙe kamar saiwar gero, tagulla da zinare a warwatse, galibi ko giram 1 ba ya cika cikin tan guda. Irinsa ne ake haƙa a mahaƙar Grasberg ta Indonesiya, kuma manyan injuna ke cin wannan, wallahi mai diga da shebur wahalar banza zai sha.

Dutsen kudancin Maradi kuwa ci gaban na Katsina da Zamfara ne, samansa ya ruɓe tuni, damina ta jiƙa shi, ga rami kusa da rami, ta ina ba za ta rufta ba? Kuma kar a manta 2010, jijiyoyin Anka da Bukkuyum na Zamfara dalma mai guba gare su, aka riƙa daka dutsen cikin gida, yara sama da 400 suka rasu.

Roƙona ga malaman jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ma'aikatar ma'adinai, su shigo rediyo da Hausa, su je har bakin rami su duba dutsen da yaran nan ke dakawa, a auna shi a gaya musu gaskiya tun kafin su sayar da gona.

Naku, mai karatu daga unguwar Zariya, Maradi.